Darasin Ladi Kwali Ga Masu Ƙirƙirar Wasannin Kwamfuta

Mai ƙirƙirar wasan kwamfuta da jarin kansa yakan rasa wanda zai bi: basirarsa ko ƙorafin masu wasan. Tarihin ginin tukwane a Suleja ya amsa wannan tambaya.

A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin, lokacin ana kiransa Abuja. Ta koyi yin kwanoni da farantai domin kasuwa, amma ba ta saki ginin hannu da zanen ƙadangare da kunama irin na Gwarawa ba. A 1958 aka baje kolin tukwanenta a Landan.

Haka ma wasa: a gyara abin da ya dami mai saye, a riƙe abin da ya bambanta shi da saura.