Amsoshin Tambayoyinku: Ana Cin Abinci da Ƙwallon Gora na Kan Ƙanƙara?

TAMBAYA: Wani matashi daga Batsari ya aiko yana cewa ya ga bidiyo a waya, wasu ƙarti sanye da hular kwano suna sulɓi a kan ƙanƙara, kowa da sanda mai lanƙwasa a hannu. Gardama ta kaure tsakaninsa da abokinsa na Safana. Abokin ya ce wasan Turawa ne na rage lokaci, baƙar fata bai taɓa shiga ba, balle ɗan Najeriya. Shi kuwa yana son sanin ko sana'a ce da ake ci da iyali, yadda mutum yake shigarta, da yadda take ƙarewa.

AMSA: Ka gaida min abokin naka na Safana, ka ce masa kada ya ji komai, ko ni da na fara ganin wasan haka na zata. Kafin mu yi nisa, bari in share wani ruɗani: ƙanƙarar da muke magana a kai ba garin Ƙanƙara na nan jiharmu ba ce, daskararren ruwa ne irin wanda kuke saya da azumi, sai dai an shimfiɗa shi ya zama fili guda.

Wasan ɗan'uwan ƙwallon gora ne da ake bugawa a kan ciyawa, kuma yana da dangantaka ta nesa da ƙwallon dawaki, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna da shi. A dukkansu sanda ce ke kora ƙwallo zuwa raga. A nan dai ba doki, ɗan wasa yana sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasansa kamar bakin wuƙa, da shi yake sulɓi. Ƙwallon ma ba mulmulalle ba ne, ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa kamar giram 170. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron gida. Ana yin zango uku, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa, ban da mai tsaron gida, ba ya cika wuce kamar daƙiƙa 45 a fili sai ya fita ya huta wani ya shigo, wasa kuwa na ci gaba ba a tsaya ba. A birnin Montiriyal na ƙasar Kanada aka yi wasan farko mai tsari a cikin rufaffen ɗaki, ranar 3 ga Maris, 1875.

Sana'a ce kuwa, ta gaske. Babbar gasar duniya ita ce NHL, wadda aka kafa a 1917. Yanzu tana da ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada, 25 a Amurka. A kakar 2024 zuwa 2025 kowace ƙungiya ta buga wasa 82 kafin a shiga zagayen neman Kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, kuma mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a shekara dala 775,000 ne, wato sama da naira biliyan ɗaya a canjin lokacin. Akwai wasu gasa masu biyan albashi a Rasha da Suwidin da Finlan da Jamus da Suwizalan da Birtaniya. Amma kada kuɗin nan ya ruɗe ka. Wanda ya ci zomo ya ci gudu, kuma da yawa sun ci gudun ba su kama zomon ba.

Ga yadda hanyar take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a Kanada yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ake fara koya wa sulɓi, yadda ɗan Batsari ke fara bin babansa gona yana riƙe da ƙaramar fartanya. Iyaye ne ke ɗaukar nauyin komai: takalmi, sanda, hular kwano, sulken kafaɗa da na gwiwa, kuɗin hayar fili, da kai yaro atisaye da asuba cikin sanyin da ya ninka na hunturunmu sau da yawa. Idan ya kai shekara 16 kuma ya yi fice, sai wata ƙungiyar matasa ta ɗauke shi, galibi a wani gari mai nisa. A can wani gida ne zai riƙe shi, ya ci abincinsu, ya je makaranta daga nan, kamar ɗan riƙo a wurinmu. Wasu kuma ta jami'o'in Amurka suke bi, su haɗa karatu da wasa.

A shekara 18 ake zuwa babbar mararraba. Kowace shekara ƙungiyoyin NHL suna taruwa su zaɓi matasa bi da bi, zagaye bakwai, jimilla mutum ɗari biyu da 'yan kai daga duk duniya. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ake bai wa damar fara zaɓe, don kada ƙarfi ya taru a wuri ɗaya. Mutane kan ɗauka wanda aka zaɓa ya isa ke nan. A'a, an dai buɗe masa ƙofar zaure. Yawanci sai an tura shi ƙaramar gasa mai suna AHL, inda albashi bai kai ko kusa ba, tafiye-tafiye kuma a bas ne. Ana iya kiransa sama yau, mako mai zuwa a mayar da shi ƙasa. Da yawa daga cikin waɗanda aka zaɓa ba sa taɓa buga ko wasa ɗaya a NHL.

Yanzu ga amsar gardamarku. Baƙar fata na farko da ya buga a NHL shi ne Willie O'Ree, ɗan Kanada, a ƙungiyar Boston Bruins, cikin Janairun 1958. Ɗan Najeriya na farko kuwa, a nan kusa da mu aka haife shi. Sunansa Rumun Ndur, haifaffen Zariya ne, ranar 7 ga Yuli, 1975. Yana ƙarami iyayensa suka koma Kanada, ya tashi a Hearst, wani ɗan ƙaramin gari mai tsananin sanyi a arewacin lardin Ontariyo. Ya bi matakan nan da na lissafa maka ɗaya bayan ɗaya. Ya buga wa ƙungiyar matasa ta Guelph Storm, sannan a 1994 Buffalo Sabres ta zaɓe shi a matsayi na 69. Aka tura shi Rochester Americans a ƙaramar gasa, ya yi ta fama har aka kira shi sama.

Ndur ɗan baya ne, ƙaƙƙarfa, kuma an san shi da aikin da za mu iya kira na dogari. Ka ga, a gasar Amurka da Kanada idan 'yan wasa biyu suka yar da safar hannu suka dambace, ba a cika korarsu ba, minti biyar ake zaunar da kowannensu a ɗakin horo. Don haka a zamanin Ndur kusan kowace ƙungiya tana ajiye wani ƙato mai kare gwanayenta daga masu mugunta. Aiki ne mai cin jiki, kuma yanzu yana ja da baya tun da likitoci suka yi ta gargaɗi kan illar bugun kai ga ƙwaƙwalwa. Ndur ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta Thrashers, jimillar wasa 69 a NHL, ya ci ƙwallo biyu. Sauran shekarunsa a ƙananan gasa ya yi su da kuma Turai, har da ƙungiyoyin Coventry da Nottingham a Ingila.

Kada ka raina wasa 69 ɗin nan. Da gangan na fara da Ndur, domin tarihinsa ya fi nuna ainihin sana'ar fiye da na taurari. Shekara goma sha wani abu ana shiri, 'yan shekaru a sama, sauran a yawon neman kwantiragi daga wannan gari zuwa wancan. Irin wannan ne labarin Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta jihar Kogi a 1989, ya tashi a Yukiren da Kanada. Chicago ta zaɓe shi a 2007, amma wasa bakwai kacal ya samu a NHL, a ƙungiyar Calgary Flames. A 2019 ya fito fili ya bayyana wariyar launin fata da ya sha a ƙaramar gasa, a 2020 kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da wariya a wasan. Ka ga ke nan abokinka bai yi kuskure gaba ɗaya ba, har yau baƙaƙen fata 'yan tsiraru ne a ciki, kuma ba kullum aka karɓe su hannu bibbiyu ba.

Akwai kuma waɗanda suka kai ƙololuwa. Jarome Iginla, wanda aka haifa a Edmonton a 1977, mahaifinsa Bayerabe ne daga Najeriya. Ya yi kaka 20 a NHL, yawancinsu a Calgary Flames inda ya zama kyaftin, ya ci ƙwallo 625. A 2002 ya fi kowa maki a gasar, baƙar fata na farko da ya yi haka. A shekarar ce kuma ya ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na Olamfik, Kanada ta doke Amurka ta ɗauki zinare, ya sake samun wani zinaren a 2010. Duk da haka bai taɓa ɗaga Kofin Stanley ba. A 2004 ya kai wasan ƙarshe, Tampa Bay ta ƙwace a karawa ta bakwai. Kyle Okposo kuwa, wanda shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, sai a kakarsa ta ƙarshe rabonsa ya tsaga: ya ɗauki kofin da Florida Panthers a 2024, ya yi ritaya a shekarar. Rabo dai yana da lokacinsa.

Ƙarshen sana'ar da wuri yake zuwa, kamar na ɗan dambe. Faifan nan yana tashi da gudun da ya wuce kilomita 150 a awa, 'yan wasa suna maka juna da bangon fili, haƙora na zubewa, gwiwa da kafaɗa na lalacewa. Wanda ya haura shekara 35 yana wasa dattijo ake ɗaukarsa. Daga nan wasu su zama masu horarwa, wasu masu farautar matasa wa ƙungiyoyi, wasu masu sharhi a talabijin, wasu su kama kasuwanci. Wanda ya haɗa da karatu ko ya yi tanadi shi ke sauka lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da ke ranka: to mu da zafin Batsari da Safana fa? Zafi ba shi ne babban shinge ba. Filayen ƙwararru duk a rufaffen gini suke. Akwai bututu a ƙarƙashin daɓen siminti da ke zagaya ruwan sanyi, kamar bayan firji, sai a yi ta yayyafa ruwa a sama har ya daskare ya kai kaurin kamar inci ɗaya. Shi ya sa har ƙungiyar Las Vegas, da ke tsakiyar hamada, ta iya cin Kofin Stanley a 2023. A Afirka ma, Afirka ta Kudu ta daɗe tana wasan, Kenya kuma tana da ƙungiyar Ice Lions da ke atisaye a wani fili cikin otal ɗin Panari a Nairobi. Abin da wasan ke buƙata shi ne wutar lantarki da ba ta ɗaukewa dare da rana, kuɗin kaya, da yaran da za su fara tun suna ƙanana. Ka tuna yadda ƙanƙarar naira ɗari take narkewa kafin a kira magariba, sannan ka auna fili mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26.

Saboda haka idan kun haɗu da abokinka ranar kasuwa, ka gaya masa sana'a ce, ana ci da iyali da ita, kuma wani yaro da aka yanke wa cibiya a Zariya ya taka babban filinta tun kafin a haife ku. Shi kuma ka ba shi gaskiyarsa kan cewa hanyar ba ta yi wa irinmu sauƙi ba. Shayin ranar dai shi zai saya.