Mayeloma: Ciwo Ɗaya, Tafiya Daban-daban

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 1845, wani likita a birnin Landan mai suna William Macintyre ya je duba wani ɗan kasuwa, Thomas McBean. Mutumin ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji da baya da ƙugu. Abin da ya ɗaure wa likitan kai shi ne fitsarinsa, domin duk inda ya taɓa tufa, sai wurin ya yi tauri idan ya bushe. Aka ɗibi fitsarin aka aika wa Henry Bence Jones, wani matashin likita masanin sinadarai a asibitin St George. Ya tarar da wani abu a ciki wanda ke narkewa idan ya sha zafi sosai, ya sake daskarewa idan ya huce. McBean ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1846. Da aka binciki gawarsa, aka ga haƙarƙarinsa sun yi laushi har wuƙa tana yanka su, cikinsu kuma cike da wani jan abu mai kauri.

Wannan ciwo shi ake kira mayeloma a yau, wato sankarar ɓargo. A cikin ɓargo jiki ke ƙera jini. Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira filasma, su ne ke samar da sinadaran garkuwar jiki masu yaƙi da cututtuka. Idan guda ɗaya a cikinsu ta lalace, sai ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har ta cika ɓargo. Daga nan matsaloli ke kunno kai. Ƙashi yana zagwanyewa, har ya kan karye ba tare da wata faɗuwar kirki ba. Jini yana ƙaranci, mutum ya riƙa jin kasala da haki. Sinadarin kalsiyam da ke fita daga ƙashi yana yawa a jini, ya kawo ƙishirwa da taurin bayan gida da ruɗewa. Furotin marar amfani da waɗannan ƙwayoyi ke zubarwa kuwa yana toshe ƙoda, irinsa ne aka gani a fitsarin McBean. Galibi ciwon manya ne. A Amurka, rabin waɗanda ake gano yana jikinsu sun kai shekara 69 ko sun haura.

Likitoci sun daɗe suna ganin wani abin mamaki. Mutum biyu, shekarunsu kusan ɗaya, sunan ciwonsu ɗaya, maganin da aka ba su ɗaya. Wannan ya rasu cikin shekara biyu, wancan yana nan yana harkokinsa bayan shekara goma. Kwana na Allah ne, amma a fannin sababi an gano cewa babban ɓangare na amsar yana rubuce a cikin ita kanta ƙwayar sankarar.

Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da umarnin halitta, wanda ake kira ƙwayoyin gado. An tattara shi a kundi 46, biyu-biyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Masana suna kiran kundin kuromosom, sun kuma ba su lambobi. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe kundin nan gaba ɗaya, kamar marubucin da ke kwafar littafi da hannu: wata rana ya maimaita babi, wata rana ya tsallake shafi, wata rana ya ɗauki shafin wannan babi ya kai wancan.

A nan akwai bambanci da sikila, wadda mutane suka saba yi wa gwajin jinotayif kafin aure. Mai sikila da ita aka haife shi, tana cikin kowace ƙwaya ta jikinsa, kuma yana iya gadar wa 'ya'yansa. Kurakuran mayeloma kuwa yawancinsu a tsakiyar rayuwa suke faruwa, a cikin ƙwayoyin filasma kaɗai. Ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Gaskiya ne 'ya'ya da 'yan'uwan mai shi sun ɗan fi sauran jama'a hatsarin kamuwa, amma mafi yawansu ba sa kamuwa har abada.

Kusan rabin masu mayeloma, kuskurensu na maimaici ne. Ƙwayar tana da kwafi uku na wasu kundi maimakon biyu, musamman masu lamba 3, 5, 7, 9, 11, 15, 19 da 21. Ko da yake abin ya yi kama da ɓarna mai yawa, wannan nau'i ya fi sauƙin sha'ani, kuma masu shi sukan daɗe.

A wasu kuma musanya ce ake samu. Kundi na 14 ya tsinke, ya yi musayar guntu da wani kundi. Me ya sa na 14? Saboda a can umarnin ƙera garkuwa yake, wurin da ƙwayar filasma ke aiki da shi dare da rana. Duk umarnin da ya faɗo kusa da wurin, shi ma sai ya kama aiki babu hutu. Idan musanyar tsakanin 11 da 14 ce, wadda ake samu a mutum 15 zuwa 20 cikin 100, ciwon yana tafiya tsaka-tsaki. Idan tsakanin 4 da 14 ce, ko 14 da 16, ya fi saurin dawowa bayan magani.

Wanda likitoci suka fi jin tsoro shi ne ɓacewar wani guntu daga kundi na 17. A guntun nan akwai umarni mai suna TP53, aikinsa shi ne ya dakatar da duk ƙwayar da ta lalace, ko ya sa ta mutu. Idan babu shi, babu mai tsawatawa. Kimanin mutum 1 cikin 10 ne ke zuwa asibiti da wannan matsala tun farko, wasu kuma daga baya take bayyana, domin sankarar tana ci gaba da tara kurakurai yayin da take hayayyafa.

Ana gano duk waɗannan ta wani gwaji mai suna FISH. Likita zai kashe zafin wurin, ya soka allura a ƙashin ƙugu ta baya, ya zuƙo ɓargo kaɗan. A ɗakin gwaji sai a sa wasu sinadarai masu launi da ke manne wa kundin da ake nema, a duba da madubin likita. A shekarar 2015 ƙungiyar ƙwararrun mayeloma ta duniya ta haɗa sakamakon wannan gwaji da na gwaje-gwajen jini uku, ta kasa marasa lafiya aji uku. Cikin mutum fiye da 3,000 da aka bibiya, waɗanda suka kai shekara biyar a raye su ne 82 cikin 100 a aji na farko, 62 a na biyu, 40 a na uku. Alƙaluman na taro ne, ba sa yanke wa mutum ɗaya hukunci, kuma an tattara su kafin zuwan wasu sababbin magunguna irin su daratumumab.

Amfanin gwajin bai tsaya ga hasashe ba, yana taimakawa wajen zaɓen magani. Allurar botezomib, wadda aka amince da ita a Amurka a 2003, ta rage wa masu musanyar 4 da 14 kaifin ciwonsu sosai, kamar yadda likitocin Faransa suka nuna a 2010. Masu matsalar kundi na 17 ba su samu irin wannan sauƙi ba, shi ya sa ake haɗa musu magunguna uku ko huɗu, a yi musu dashen ɓargo idan jikinsu zai ɗauka, a kuma ci gaba da magani ba tare da dogon hutu ba.

Labarin maganin talidomaid ya fi ban mamaki. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu ciki suna sha don laulayi. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai kusan 10,000 da nakasar hannu ko ƙafa. A 1999 likitoci a jihar Akansas ta Amurka suka ba da rahoton cewa sun gwada shi a kan masu mayeloma 84 da ciwonsu ya gagari sauran magunguna, kusan kashi ɗaya cikin uku suka samu sauƙi. Sai a 2010 masana a Japan suka gano cewa maganin yana kama wani furotin ne mai suna serebulon. Idan umarnin da ke ƙera wannan furotin ya lalace a cikin ƙwayar sankarar, talidomaid da ƙaninsa lenalidomaid sukan daina aiki. Har yau ba a yarda mace mai ciki ta sha su ba.

Wani magani mai suna benetokilas ya koyar da darasi mai zafi. A wani babban gwaji, an fi samun mace-mace a cikin waɗanda aka ba shi, har hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da ɗaukar sababbin marasa lafiya a 2019. Da aka tsefe sakamakon, sai aka ga masu musanyar 11 da 14 su kam sun amfana. Saboda haka inda ake amfani da shi, sai an ga takardar gwajin FISH tukuna.

Wannan magana ta shafi baƙar fata kai tsaye. A Amurka, baƙaƙe sun ninka farare wajen kamuwa da mayeloma, kuma yakan same su da ƙarancin shekaru. Kafin ciwon ya bayyana akwai wani mataki marar alamu da ake kira MGUS, inda furotin nan marar amfani ke cikin jini amma mutum yana lafiya lau, kuma kusan mutum 1 cikin 100 ne kawai nasa ke rikiɗa zuwa sankara a kowace shekara. A wani bincike da aka buga a 2007, an gwada jinin maza 917 'yan shekara 50 zuwa 74 a Akra ta ƙasar Gana. Kusan 6 cikin 100 suna da shi, ninki biyu na fararen jihar Minesota. Sai dai musanyar 11 da 14 ta fi yawa a cikin masu tushen Afirka, matsalar kundi na 17 kuma ta fi ƙaranci. A asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, inda kowa ke samun kulawa iri ɗaya, baƙaƙen da ba su kai shekara 65 ba sun fi farare daɗewa a raye. Ke nan idan aka ga baƙar fata yana saurin rasuwa da wannan ciwo, a fara duba makarar zuwa asibiti da tsadar magani kafin a ɗora wa halitta laifi.

Akwai kuma wani abu na gado da ya kamata mai jinya ya sani. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma jajayen ƙwayoyin jininsu ba su da wata alama da ake kira Duffy. Rashinta yana kare su daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, amma yana sa wasu fararen ƙwayoyin jini su nuna ƙaranci a takardar gwaji, alhali mutum lafiyarsa ƙalau. Da yake magungunan mayeloma su ma suna rage waɗannan ƙwayoyi, likitan da bai lura ba yana iya rage wa marar lafiya magani babu dalili.

Gwajin FISH yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba, wani lokaci sai an aika ɓargon wani gari ko wata ƙasa. Amma matakin farko bai kai haka wuya ba. Dattijon da ciwon baya ya ƙi barinsa wata da watanni, ga kasala, ga yawan zazzaɓi ko fitsari mai kumfa, bai kamata a ce masa sanyi ne ko tsufa a bar shi a hannun mai ɗori ba. Magungunan kashe zafi da ake saye a kemis, irin su dikulofenak da ibufurofen, suna iya ƙarasa ƙodar mai mayeloma har ta kai shi ga wankin ƙoda. Abin da ake nema shi ne awon yawan jini, awon ƙoda da kalsiyam, hoton ƙashi, da gwajin rarrabe furotin na jini da fitsari. Idan sakamako ya nuna alama, wurin zuwa shi ne sashen likitocin jini a asibitin koyarwa, a tafi da duk takardun gwajin da aka taɓa yi, har da sunayen magungunan da marar lafiya ke sha, na asibiti da na gargajiya.