Daga Fam da Sule Zuwa Lissafin Kwamfuta: Yadda Ake Sauya Tushen Lamba

Kafin ranar 1 ga Janairu, 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam, ɗan kasuwar Dogon Daji da ke ƙasar Tambuwal yana ƙirga kuɗinsa ne da tsari mai hawa uku: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. In ya tara kwabo 1,000, sai ya raba da 12, ya sami sule 83 da saura kwabo 4; ya raba 83 da 20, ya sami fam 4 da saura sule 3. Wato fam 4, sule 3, kwabo 4. Wannan dabara ta a raba, a ajiye saura, a sake rabawa, ita ce duk sirrin sauya lamba daga wani tushe zuwa wani, darasin da ke kayar da ɗalibai da dama a jarrabawar WAEC.

Tushe shi ne adadin alƙaluman da ake ƙirga da su kafin a tsallaka zuwa gida na gaba. Lissafin yau da kullum yana kan tushe 10. Ita kuwa kwamfuta da 0 da 1 kawai take aiki, domin abu biyu ne wutar lantarki ke bambancewa cikin sauƙi, kunnawa da kashewa. Tun 1703 masanin nan Bajamushe, Leibniz, ya wallafa bayanin wannan tsari na tushe 2.

A ɗauki 46. In aka yi ta raba ta da 2 har ta ƙare, saura zai fito kamar haka: 0, 1, 1, 1, 0, 1. Sai a karanta daga na ƙarshe zuwa na farko, a sami 101110. A nan ne ɗalibai kan yi tuntuɓe: wanda ya karanta daga farko zai rubuta 011101, wato 29.

Ga jerin umarnin da zai sa kwamfuta yin wannan aiki a harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙira a Amurka cikin 1964:

10 INPUT "LAMBA", N
20 INPUT "TUSHE", T
30 H$ = "0123456789ABCDEF"
40 A$ = ""
50 S = N MOD T
60 A$ = MID$(H$, S + 1, 1) + A$
70 N = N \ T
80 IF N > 0 THEN 50
90 PRINT A$

Layi na 50 ne ke fitar da saura, na 70 ya yi rabawa ya watsar da ɓurɓushi, na 80 ya mai da aikin baya muddin N ba ta ƙare ba. Amma layi na 60 shi ya fi cancantar a zuba masa ido, domin yana ɗora kowane sabon alƙalami a gaban waɗanda suka riga shi, don haka amsa ke fitowa a jere daidai. Haruffan A zuwa F kuma suna wakiltar 10 zuwa 15 ne a tushe 16. In aka shigar da 1973 da 16, sai 7B5 ta bayyana. A kiyaye ba da 1 a matsayin tushe, gama N ba za ta ragu ba, na'ura ta yi ta kewaye har ma'ajiyarta ta cika.

Komowa tushe 10 ya fi sauƙi. A fara daga hagu, a ninka abin da ke hannu da tushe, a ƙara alƙalami na gaba. Da haka 101110 za ta ba da 1, 2, 5, 11, 23, 46.

Rashin kwamfuta a makaranta bai hana wannan darasi ba. Malami na iya zana gidaje uku a allo, na N da S da A$, ɗalibai su bi layukan ɗaya bayan ɗaya suna sauya abin da ke ciki. Daga nan sai a ba su aikin gida: su gyara umarnin ya raba da 12, sannan da 20, ya mai da kwabo 2,500 zuwa fam da sule da kwabo.