Me Ya Sa Jirgin Kara Ba Ya Tashi?

Malamai 'yan'uwana, Maiduguri ta daɗe da sanin jirgin sama. A 1925 jirage 3 na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka yada zango nan, sa'an nan suka wuce Kano. Daga 1940 kuma, zamanin yaƙin Hitila, jiragen da aka harhaɗa a Takoradi ta nan suka riƙa bi zuwa Hartum da Alƙahira. Ba mamaki yaranmu su ƙera jirgi da karan dawa. Amma fa in suka jefa shi sai ya faɗi tim. A ganina malamin da ya iya gaya musu dalili ya koyar da kimiyyar mako guda.

Bari mu ɗauki misali daga waɗansu mutane a ƙasashen duniya da suka mai da ƙera ƙananan jirage abin sha'awarsu. Mai jirgin yana tsaye a ƙasa da akwatin rediyo a hannu, jirgin na can sama yana alkafura. Abu 4 yake sarrafawa: ƙarfin inji, da marfin wutsiya mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da wanda ke juya shi dama ko hagu, da marafan bayan fiffike masu mirgina shi. Fiffiken irin wannan jirgi samansa da ƙasansa kumburinsu ɗaya ne, don haka ko a rigingine ya iya tafiya.

To, duk da wannan ƙwarewa, ba mai tayar da sabon jirgi sai ya auna inda nauyinsa ya tsaya. Nan darasinmu yake. Ku sa yaro ya auna faɗin fiffike daga gaba zuwa baya. In inci 4 ne, ya yi alama a inci 1 daga gaba, watau rubu'i, ko ya ɗan ƙara kaɗan. Ya ɗora jirgin bisa yatsu biyu daidai alamar, ɗaya a kowane fiffike. In wutsiya ta rinjaya, jirgin zai ɗaga hanci a sama, gudunsa ya ragu, iska ta daina ɗaukarsa, ya rikito. Wannan ne ciwon yawancin jiragen kara. Maganinsa ɗan ƙusa ko laka a hanci. In kuwa hanci ya yi nauyi da yawa, sai ya nufi ƙasa kamar shirwa ta hangi ɗan tsako.

Ni dai ban yarda a fara da inji ba. Totuwar kara da takarda da ƙaro sun isa, ƙaro kuwa Borno ba ta rasa shi. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tayar da ƙaramin jirgi a Faris da murɗaɗɗiyar roba kaɗai.

Ku fita da sassafe kafin iska ta taso. Yaro ya fuskanci iska, ya tura jirgin a hankali, hanci ɗan sunkuye, wani ya ƙidaya taku nawa ya ci, a rubuta. A gyara abu ɗaya tak kafin a sake jefawa, don a san abin da ya kawo bambanci.

Mai son na rediyo kuwa ya nemi izini tukuna, gama a 2025 sojoji suka hana tayar da jirage marasa matuƙi a arewa maso gabas ba da izininsu ba.