Gwajin Ruwan Nono: Daga Tururuwa Zuwa Madubin Likita

Tun kafin a gina gidan likita a Dogon Dutsi da ke Nijar, tsofaffin matan ƙasar Hausa suna da nasu gwajin nono. Idan jariri ya dinga zawo yana ramewa, sai a tatsi nonon uwar a ludayi a jefa tururuwa ciki. In ta fita da rai a ce nono lafiya lau, in ta mutu a ce ya ɓaci, a shiga ɗura wa uwa jiƙo. Wannan gwaji ba ya gano komai, kuma ya raba jarirai da nonon da babu abin da ya same shi. Sai dai tunanin da ya haife shi, wato abin da ke fitowa daga nono yana iya ba da labarin abin da ke ciki, shi ne masana suka shafe fiye da shekara 60 suna bi.

Dalilinsu mai ƙarfi ne. A cikin nonon mace akwai siraran hanyoyi da ke kawo ruwa zuwa kan nono, kuma mafi yawan sankarar mama daga bangon waɗannan hanyoyi take farawa, shekaru kafin hannu ya ji ƙullutu. Ko macen da ba ta shayarwa, hanyoyin ba su bushe ƙaƙas ba, akwai ɗan danshi da ƙwayoyin bangon ke zuba a ciki. To, in aka samo ɗigo ɗaya aka duba, ba za a kama cutar tun tana jaririya ba?

Wanda ya fara gwada haka da gaske shi ne George Papanicolaou, likita ɗan Girka da ya yi aiki a Amurka, mai gwajin bakin mahaifa da ya ceci mata bila adadin. A 1958 ya fitar da abin da ya gani a ruwan nono. Daga shekarun 1970 Nicholas Petrakis da abokan aikinsa a San Faransisko suka ɗora. Ana ɗumama nonon da tsumma, a murza shi a hankali, a kifa ɗan kofi a kai a zuƙa da sirinji, ɗigon da ya fito a shafa a gilashi a sa a madubin ƙara girma. Sun bi mata sama da 2,000 shekara da shekaru, suka ga waɗanda ƙwayoyinsu suka sauya kama sun fi sauran kamuwa daga baya. Dakta Susan Love kuma ta fito da siririn bututu da ake zura wa cikin hanyar, a wanke ta da ruwan gishiri a tara abin da ya dawo. A 2001 aka buga sakamakon gwada shi kan mata 507. A jami'ar Masachusets kuma, Kathleen Arcaro ta yi ta karɓar nonon mata masu shayarwa tana neman alamun cutar a ciki.

Duk da wannan wahala, gwajin bai kai a dogara da shi ba. Mata da yawa ba sa ba da ko ɗigo. Hanyoyin kuma suna da yawa, ana iya zuƙo ruwa daga mai lafiya alhali cutar tana kwance a ta kusa da ita, a ce wa mace ta tafi gida ba komai. Shi ya sa a Disamban 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi kashedi cewa wannan gwaji ba ya maye gurbin hoton nono na mamogirafi, bayan wani kamfani ya janye kayansa daga kasuwa. Saboda haka duk mai yawo da na'ura a kasuwar Matankari ko Kore Mairuwa yana cewa zai gane daji daga ruwan nono, kuɗin mutane yake so.

Amma akwai ruwan da ba sai an zuƙo shi ba, kuma shi ya fi shafar matan Arewa. Idan mace ba ta da ciki, ba ta goyo, ta ga ruwa yana fitowa da kansa daga nono ɗaya, ta ƙofa ɗaya, musamman jini ko ruwa garai mai ɓata riga, to wannan na likita ne. Galibi ba sankara ba ce, wani ɗan tsiro ne marar lahani a cikin hanyar. Wani lokaci kuwa ita ce, kuma babu ungozomar da za ta bambance su da ido. Haka ƙullutu mai tauri, da kan nono da ya shige ciki, da fatar da ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemo, da kaluluwar hammata da ta ƙi sauka.

A nan ne rayuwar ƙauye take ɓoye cutar. Mace a Kiyeshe ko Dankasari ko Gesheme kan yi shekara goma sha tana fita daga ciki ta shiga goyo, ta yaye ta sake ɗauka. Shayarwa alheri ce, babban binciken da aka buga a 2002 ya nuna kowace shekara ta shayarwa tana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin 100. Ragewa ce kawai, ba tsari ba. Kuma da yake nonon kullum cikin aiki yake, duk abin da aka ji a ciki sai a ce "nono ne ya kwanta". Kumburin shayarwa yana zuwa da zafi da ja da zazzaɓi, kuma yana sauka cikin kwanaki in an sha magani. Ƙullutun da ya rage bayan kumburi ya sauka, ko bayan yaye, wani abu ne dabam. Rashin ciwonsa, wanda mata ke kwantar da hankali da shi, shi ne halin sankara a farkonta.

Daga nan sai a ce "daji ba ya son ƙarfe", a tafi wajen boka, ko a kai ga wanzami ya yi sakiya. Watanni su shuɗe, nono ya fashe, sannan a ɗauki mota. In matar ta rasu a asibiti, a ce ƙarfe ne ya tayar da shi, maganar ta ƙara samun gindin zama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 suka kamu da wannan cuta, 670,000 suka rasu. A Nijar, inda ake rubuta masu sankara a rajista tun 1992, ita ce kan gaba a tsakanin mata. Tun 2007 gwamnati ta yi dokar kula da sankarar mata kyauta, kuma a 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin cutar da na'ura, aikin da a da sai an ƙetare iyaka.

Hanyar tana farawa daga gidan likitan da ya fi kusa. Unguwarzoma ko malamin asibiti zai duba nonon biyu da hammata, in ya ga dalili ya rubuta takarda zuwa asibitin Dogon Dutsi ko na Doso. Daga can ana iya turawa Yamai, asibitin haihuwa na Isaka Gazobi ko cibiyar sankara, a ɗauki hoto, a ciro ɗan tsoka da allura a duba. Wannan ɗan tsoka ne kaɗai ke yanke hukunci. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a shirinta na 2021 ita ce a gama duk binciken cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kanta.

Kyautar gwamnati ba ta haɗa da kuɗin mota na fiye da kilomita 250 zuwa Yamai ba, balle masauki da abincin mai jinya. Wannan yana wuyan maigida da dangi, kuma da yawa sai sun jira an kai amfanin gona gida. Matar da ta ga jini a rigarta farkon damina, in aka ce sai an yanke hatsi, ta riga ta ninka kwana 60 ɗin nan kafin ta hau mota.