Tseren Mota: Ta Ina Ɗan Talaka Zai Fara?

Tun ina ƙarami a Ajingi ba abin da nake sha'awa kamar tseren mota. Da na gaya wa mahaifina, sai ya yi dariya ya ce, "Kai da ko keke ba ka mallaka ba?" Gaskiyarsa kuwa, domin wasa ne mai cin kuɗi ƙwarai.

Amma da na yi bincike sai na tarar ba dukkan gwanayen ne 'ya'yan masu hali ba. Akwai Joginder Singh na ƙasar Kenya, wanda ya fara da miƙa sifana a garejin mahaifinsa. A shekarar 1965 shi da ɗan'uwansa suka gyara wata tsohuwar Volvo da hannunsu, suka shiga tseren Safari da ita, suka zo na ɗaya. Ya sake cin wannan tsere a 1974 da 1976. Haka kuma Fangio na Ajantina, wanda ya zama zakaran duniya sau biyar, yaron makaniki ne tun farko. Shi kuwa Lewis Hamilton na Ingila da 'yar ƙaramar motar tseren yara ya fara yana shekara 8, amma mu nan ina za mu ga irin wannan fili?

Saboda haka da aka ba mu hutu na roƙi Baba ya kai ni wani gareji a Gaya. Ko sisi ban biya ba. Wata guda cur wankin kusoshi da fetur kawai nake yi, har na kusa gudu. Yanzu na iya canza filogi, na iya ɗaure birki, ina kuma rakiyar maigidana Ƙofar Ruwa sayen kayan gyara. Tuƙi kuwa sai na cika shekara 18, sa'ad da doka ta yarda a ba ni lasin.

'Yan'uwana ɗalibai, wasan da samari ke yi da mota ko babur ran ɗaurin aure ba tsere ba ne. Wani abokina ya gwada a hanyar Wudil, ga shi nan yana ɗingishi har yau. Tseren gaske ana rufe hanya, a sa hular kwano, a ajiye likita kusa.

Iyayenmu kuma ku yi haƙuri in kun ga rigunanmu da baƙin mai. Baba dai ya yarda in koma garejin hutu mai zuwa, muddin na ci jarrabawar lissafi.