Koya wa Ɗaliban Sakandare Neman Labarin Makarantarsu

Makarantun sakandare da dama a ƙasar nan tamu, na kwana da na jeka-ka-dawo, suna da ƙungiyar 'yan jarida. Amma idan mutum ya tsaya a filin taron safe ya kasa kunne ga abin da 'yan ƙungiyar suke karantawa, galibi abin da zai ji shi ne labarin da suka tsinto daga rediyo daren jiya, na majalisa a Abuja ko na ƙwallon Ingila, alhali kuwa rijiyar burtsatsen da ke bayan ɗakunan kwanansu ta daɗe ba ta ba da ruwa, kuma ba a sami ko ɗaya daga cikinsu da ya je ya tambayi dalili ba. Na daɗe ina kula da irin wannan ƙungiya a makarantar da nake koyarwa, kuma abin da nake son in isar ga 'yan'uwana malamai da shugabannin makarantu shi ne, yaron da ya kwafo labarin wani ya karanta, karatu kawai ya koya. Aikin jarida kuwa yana farawa ne daga ranar da ya ɗauki littafi da biro ya nufi wurin da abu ya faru.

Kada a raina labarin makaranta don ƙanƙantarsa. Canjin lokacin cin abinci, da zuwan sabon malamin Kimiyya bayan ajin ya yi zango guda babu malami, da ranar rufe rajistar jarrabawar WAEC ko NECO, da sakamakon gasar kacici-kacici ko musabaƙar Alƙur'ani, da abin da aka yanke a taron iyaye da malamai game da kuɗin gyaran ɗakin gwaje-gwaje, duk waɗannan al'amura ne da suka shafi rayuwar mai sauraro kai tsaye, kuma suna da wata falala da labarin Abuja ba shi da ita, wato ɗalibi yana iya zuwa da ƙafarsa ya gani, ya tambayi wanda abin ya shafa, sannan idan ya yi kuskure a kama shi tun kafin a tashi tara.

Darasin da na fi daɗewa a kansa, wanda kuma nake maimaitawa har yaran su gaji da ji, shi ne na tahƙiƙi. Duk wanda ya kawo mini rubutu, tambayata ta farko ita ce: wa ya gaya maka? Idan ya ce wane ne, sai in ce: shi wane ɗin da idonsa ya gani, ko shi ma ji ya yi? A nan ne na ga alfanun karatun Islamiyya da mafi yawan yaranmu suke zuwa da shi, domin wanda ya taɓa zama gaban malamin Hadisi ya san cewa magabata ba su karɓar matani sai sun duba isnadinsa, kuma sun kafa fanni sukutum don tantance maruwaita, wane ne amintacce mai kiyayewa, wane ne mai yawan mantuwa, wane ne aka sani da ƙarya, har irin su Imamu Buhari suka yi tafiye-tafiye masu nisa daga gari zuwa gari saboda a ji riwaya daga bakin mai ita. Sun kuma san ayar Suratul Hujurati da ta yi umarni da neman tabbaci idan fasiƙi ya zo da labari, don kada a cuci mutane bisa jahilci a wayi gari cikin nadama. Ba ina daidaita labarin ɗakin cin abinci da Hadisi ba ne, Allah Ya tsare. Ladabin karɓar magana nake nufi, kuma na lura da zarar an tuna wa yaro wannan ladabi, sai "an ce" da "ana raɗe-raɗin" su fara yi masa nauyi a alƙalami.

Wata rana wata ɗaliba ta kawo labarin rijiyar burtsatsen makarantarmu da ta lalace, ta rubuta cewa an ce kuɗin gyaran ne aka cinye. Na mayar mata da takardar na ce ta je ta ga mai kula da injin, ta ga ma'ajin makaranta, ta kuma tambayi shugabar ɗalibai tun yaushe suka fara ɗebo ruwa daga waje. Ta dawo da abin da ya fi na farko amfani nesa ba kusa ba: famfon da ke cikin rijiyar ne ya ƙone, an kai shi gari wurin mai gyara, kuma saboda layin ɗiban ruwa 'yan aji ɗaya suna makara a darasin farko. Labarin ya fita da sunan wanda ya faɗi kowace magana, ba a zubar da mutuncin kowa ba, kuma halin da ƙananan yaran suke ciki ya isa kunnen waɗanda suke da ikon gyarawa.

Tsarin rubutun kansa ba ya ɗaukar lokaci. Tambayoyi shida ne: me ya faru, wa ya shafa, a ina, yaushe, ta yaya, kuma don me, a zuba mafi muhimmanci a jimlar farko, a bar gaisuwa da kirari, a rubuta sunan mutum da muƙaminsa daidai, adadi kuwa a ɗauko shi daga rajista, kada a ƙiyasta. Abin da ya fi wuya shi ne raba labari da ra'ayi, domin matashi yana da zafin zuciya, yana son ya yanke hukunci tun kafin ya gama bayani. Saboda haka muka ware wa ra'ayi gurbinsa daban a jaridar bango, mai shi ya sa sunansa a ƙasa.

Nakan ba su tarihin sana'ar kaɗan don su san suna da magabata a cikinta. Jarida ta fara a Nijeriya da Iwe Irohin, wadda Henry Townsend ya kafa a Abeokuta a 1859. A Arewa kuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya cikin Janairun 1939, kuma editanta Malam Abubakar Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina kafin ya kama wannan aiki. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 22, ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin bin diddigin masu mulki a madadin jama'a, sannan aka sami dokar 'yancin samun bayanai a 2011. Yaran da muke koyarwa yau su ne za su gaji wannan amana, ko sun zama 'yan jarida ko ba su zama ba, tun da yake kowannensu zai riƙe waya, kuma mai waya a wannan zamani mai watsa labari ne.

Akwai kuma haddi wanda bai halatta a ƙetare ba, kuma wajibin malami ne ya bayyana shi tun ranar farko. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba idan ya shiga sha'anin laifi ko na cin zarafi, ko da shaida ne ko wanda aka zalunta. A makaranta sai mu ƙara tsanantawa: ɗalibin da aka hukunta, ko aka kama da satar jarrabawa, ko ya kasa biyan kuɗi, ba a ambaton sunansa a filin taro, domin wannan tozartawa ce, kuma tabonta yana bin yaro har girmansa. Haka nan sha'anin tsaro. Tun bayan sace ɗalibai da aka yi a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, jita-jita guda a WhatsApp ta isa ta sa iyaye su yi dafifi a bakin ƙofa, yara su tattake juna wajen gudu. Don haka yawan masu gadi, da inda katanga ta zube, da duk wani zancen baƙuwar fuska, ofishin shugaba ake kai su nan take, ba allon bango ba.

Magana ta ƙarshe ta shugabannin makarantu ce, kuma da ladabi nake yin ta. Na san nauyin da ke kanku, na kuma san fargabar kada wata magana ta fita ta isa ma'aikatar ilimi a karkace. Amma idan aka wajabta wa ƙungiyar cewa ba za ta karanta komai ba sai yabo da sanarwa, to an koya wa yara fadanci da sunan jarida, kuma ƙorafin da aka hana shi fita da hujja zai fita a ɓoye ba tare da ita ba. Abin da muka daidaita a kai a wurinmu shi ne, duk labarin da ya taɓa hukumar makaranta sai an kai wa shugaba ya faɗi nasa bayanin, a haɗa a karanta tare. Ba zai soke shi ba sai in ya saɓa wa haddin da aka ambata. Idan kuma ƙungiyar ta yi kuskure, za ta gyara a fitowa ta gaba, a wurin da ta yi shi, da murya irin wadda ta yi shi da ita. Ina roƙon ku ƙara musu da abu biyu marasa tsada: allo mai murfi wanda ruwan sama ba zai jiƙa ba, da babban fayil a ɗakin karatu inda za a riƙa adana kowace fitowa da kwanan watanta, domin 'yan ajin da za su karɓi ƙungiyar baɗi su ga inda aka tsaya a kowane labari su ɗora.